Ɗaurin Kaya Na Biyu

Ɗan ƙanena ya shigo mini gab da magariba, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya zauna bakin tabarma yana ta murza hula a hannu kamar wanda ya zo neman aure. Na ƙyale shi ya gama kewaye-kewayensa. Ya tambayi gwiwata, ya tambayi mutanen gidan da ya riga ya gani da idonsa a tsakar gida. Can dai ya ce, "Baffa, bana ma ina so in koma."

Na san inda zai koma. Bara shi da abokansa biyar suka ɗaura niyyar takawa da ƙafa daga nan Mararaban Rido har birnin Kano, don su riski Maukibin Ƙadiriyya da ake yi kowace shekara cikin watan Rabi'u Sani, su gaida malamansu, su dawo a mota. Tafiyar ta haura kilomita 230. Biyar sun shiga Kano da ƙafarsu. Shi kuwa ya wuce Jaji, ya wuce Zariya, ya wuce Tashar Yari, kafin Kwanar Dangora ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. A bayan wata motar tattasai aka ɗora shi. Da ya dawo ni na kama ƙafar, don uwarsa ta kasa kallo. Tafin dama ya yi bororo uku sun haɗe sun zama ɗaya, fatar ta yi fari ta saki kamar takardar da ruwa ya jiƙa, farcen babban yatsa ya yi baƙi ƙirin, bayan mako biyu ya fita. Na zuba gishiri a ruwan ɗumi cikin baho, ya tsoma, ya cije bakin riga. Ciwon bai sa shi hawaye ba. Sai da ɗaya cikin abokan ya shigo yana labarin yadda suka isa Na'ibawa da hantsi, 'yan kasuwa na yi musu sannu, wani ya saya musu fura, sannan na ga yaron ya juya fuska bango.

Abin da na gaya masa a daren da ya zo mini da zancen komawa shi nake so ku ji, ku 'ya'yana masu tasowa, maza da mata. Na san a cikinku akwai mai cewa tun farko ma me ya kai shi. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan ɗaura tafiya don ziyara, ni kuwa ba ni da buzu a wannan majalisa. Mu mutanen Mararaba mun saba da ganin kowa da inda zuciyarsa ta nufa. Maƙwabcina na hagu dattijon coci ne, ya je Urushalima, kuma har yau in ya zauna sai ya ba ka labarin daren da ya hau Dutsen Sina'i da tocila a hannu. Wani fada na Katolika ya taɓa ba ni labarin hanyar Santiyago a ƙasar Sifen, kusan kilomita 800 daga iyakar Faransa, ya ce akwai masu gamawa su koma gida, bayan shekara biyu ka sake ganin su a kai da sanda. Duk wanda ya taɓa ɗaukar doguwar hanya da ƙafa don Allah, yake kuma shirin sake ɗauka, da shi nake.

Fita ta farko rashin sani ke goya ta. Ba ka san yadda kwalta ke dafa tafin ƙafa da ƙarfe biyun rana ba. Ba ka san cewa safiya ta uku ta fi kowace muni ba, lokacin da za ka tashi daga barandar masallaci ka ji cinyoyinka kamar aro ka yi. Saboda ba ka sani ba, sai ka yi dariya ka ɗauki jaka. Wannan jahilcin rahama ne, amma sau ɗaya ake ba mutum shi. A fita ta biyu ka riga ka san komai. Ka san gadar da ka zauna ƙarƙashinta ka yi amai, ka san garin da ka nemi ruwa aka yi maka kallon ɓarawo. Tun kana kan katifarka a gida jikinka zai fara kawo maka ƙara. Jiki magayi, kuma ba ya mantuwa.

Wanda ya fara fahimtar da ni wannan kakana ne, mahaifin babana, wanda ya je Makka da ƙafa. Ya bar ƙauyenmu na ƙasar Zazzau zamanin Sarki Ibrahim, ya dawo ya tarar Ja'afaru ke kan gado, har ya daɗe a kai. Hanyar da suka bi ita ce ta kowa a lokacin: Kano, Yerwa, Dikwa, a haye zuwa Fallomi wadda yanzu ake kira Injamena, a ratsa Wadai ta Abashe, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, a gangara Kurdufan har Ubayyid. Jirgin ƙasa ya iso Ubayyid tun 1912, amma jirgi na mai kuɗi ne, su kuwa guzurinsu ya ƙare tun a Wadai. Dabarar alhazan wancan zamani ke nan: a yi tafiya da rani, a tsaya a yi ƙodago ko noma da damina, a tara ɗan abin da ya samu, a ƙara gaba. Da suka isa tsakanin kogunan Nilu biyu sai suka tarar da abin da ya tsayar da dubban mutanenmu. Turawa sun gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, sun buɗe gonakin auduga na Jazira, ana neman hannu ido rufe. Bahaushe kuwa bai san ƙyuya ba in ya ga lada. Kakana ya ce zai yi kaka ɗaya yana tsintar auduga ya wuce. Shekara shida ya yi.

Ina yaro nakan matsa masa ya ba ni labarin zakoki da 'yan fashin Wadai. Yakan bayar a gurguje, kamar mai biyan bashi. Abin da yake daɗewa a kai, wanda ni a lokacin nake jin ba shi da armashi, shi ne ranar da ya bar Jazira. Ya ce fitowa daga gida wasa ce, don ranar ana yi maka addu'a, ana kuka, kai kuma kana jin kanka wani abu. Amma a Jazira ya riga ya yi ɗaki, ya yi awaki huɗu, ya iya Larabcin kasuwa, mai gona ya yarda da shi, kakata ta haifi 'ya ta binne ta a can. Kuma ya san abin da ke gaba, don ya ga masu dawowa: sauran tafiya zuwa Sawakin, zaman killacewa a bakin teku, jirgin ruwan da ake cusa mutane kamar buhuna, da waɗanda ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ya ce sau uku yana ɗaure kaya da dare, da asuba ya kwance.

Akwai abokinsa da suka fito tare tun daga gida, suka ci tuwo a ƙwarya ɗaya shekara da shekaru. Wata rana kakana ya je gaishe shi ya tarar yana haƙa rami a bayan ɗaki, yana dasa lemon tsami, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ya ce bai ce masa komai ba, sun yi hira sun rabu. Amma a hanyar komawa ya yi ta lissafi: lemo ba ya 'ya'ya a shekarar da aka dasa shi, wanda ya dasa kuwa ya riga ya yi wa kansa alkawarin jira. A makon nan ya kai awakinsa kasuwa. Ya ce da hannunsa ya miƙa igiyar, yana ji kamar hanjinsa ake ja. Abokin nan bai taɓa cewa ya fasa ba. Kullum maganarsa in Allah ya kai mu baɗi. A can ya rasu, Allah ya jiƙansa, jikokinsa na can in suna raye.

Irinsu ba su ƙirguwa. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi da mutanen da suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903, su ma gabas suka nufa. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya zauna cikin Hausawan Sudan ya rubuta littafi a kansu a 1995, ya tarar da mutanen da a can aka haife su, a can aka haifi iyayensu, amma in ka tambaye su sai su ce kan hanya suke. Ban kawo wannan don in zarge su ba. Allah ya san niyyar kowa, kuma talauci ba abin wasa ba ne. Na kawo ne don ku ga cewa a tarihin tafiyarmu ta ƙafa, wurin da aka fi yin asarar matafiya shi ne zango mai daɗi, inda ake bukatar mutum ya sake cewa bismillah alhali ya san abin da ke jiran sa.

Sai na dubi yaron na ce, "To kai me zai mai da kai?"

Ya ce, "Lada, Baffa."

Na ce, "Bara ma ai ka samu, in Allah ya karɓa. Ko ka ji an ce ana yanke ladan wanda ya ƙarasa a motar tattasai?"

Ya yi shiru. Ni ma na yi shiru, don na san amsar, shi ma ya sani. Wata goma sha ɗaya ke nan abokansa na tsokanar sa, suna kiran sa Alhajin Kwanar Dangora. Yana dariya tare da su, amma abin na cin sa. Rabin abin da ke tura shi bana haushi ne. Yana so ya rama. Yana so ya tsaya a daidai inda ya faɗi ya ɗauki hoto ya sa a Facebook. Ban ga laifinsa ba, ni ma na yi ƙuruciya. Sai dai haushi mugun abokin tafiya ne. Zai sa ka yi sauri ranar farko don ka nuna, alhali mai hankali ranar farko yake rage gudu. Zai hana ka cewa ku tsaya in ka ji takalmi ya fara cizo, don kada a ce ga shi nan ya fara. Ɗan jan da da an tsaya an naɗe shi da filasta minti biyar ya isa, haushi zai sa ka taka shi har ya zama gyambo. Kuma ko ya kai ka Kano, a ƙofar gari zai sake ka, ka tsaya kana dube-dube ba ka san me ka zo yi ba. Kun tuna 2015, da wani saurayi ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar zaɓe, sai tattaki ya zama yayi, kowa ya ɗauki jaka da tuta? Da masu ɗaukar hoto suka gaji, hanya ta koma ta motoci.

Don haka aikin farko, tun kafin a je kasuwa neman takalmi, shi ne mutum ya zauna shi kaɗai ya tankaɗe niyyarsa kamar yadda ake tankaɗe gari. Ni ga rariyar da na sani: ka ɗauka babu wanda zai taɓa sanin ka je. Babu hoto, babu masu tarba, abokan nan biyar ma sun ƙaura. Za ka tafi? In zuciya ta ce e, ko da a sanyaye, to akwai abin kamawa. In ta yi tsit, kada ka ji kunya, amma kada ka fita tukuna. Niyya kuwa ba a wanke ta sau ɗaya a ajiye. Tana ɗaukar ƙura kamar farar riga a bakin titin nan namu da tankokin mai ke wucewa.

Akwai kuma wata cuta da ke kama wanda fitarsa ta farko ta yi kyau, gara in faɗe ta saboda sauran biyar ɗin. Shi wannan ba haushi ke mai da shi ba, marmari ne. Ya tuna wata asuba bayan Birnin Yero da iska ke kaɗawa, suna zikiri, ya ji kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya tuna tsohuwar da ta fito da ƙosai a faranti ta ce su ci su sa ta a addu'a. Sai ya koma yana neman wannan asubar da wannan tsohuwar. Ba zai same su ba. Wata na musulunci yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, wanda bara ya yi tafiya cikin busasshiyar iska bana yana iya yin ta cikin ragowar ruwan sama. Tsohuwar ta yiwu ta rasu. Abokin da bara yake ba ku dariya bana ya yi aure, hankalinsa na kan waya. Kai ma ba kai ne na bara ba. Wanda ya tafi da ma'aunin bara a aljihu zai yi ta awo yana tsaki, har alherin bana ya wuce ta gabansa bai gane shi ba, don bai zo da kamannin da yake jira ba. In daɗin ibada ya zo, kyauta ce. In bai zo ba, tafiyar na nan a matsayinta.

Abin da ya fi ba yaron mamaki shi ne da na ce masa ya shirya wa sake faɗuwa. Ya ɗago kai kamar na zage shi. Na ce ɗauko mini Risala a kan kanta. A babin rantsuwa da bakance, mai littafin, Ibnu Abi Zaidin, ya yi maganar wanda tafiya Makka da ƙafa ta hau kansa. Ya ce ya taka, in ya gaza ya hau abin hawa, sannan in yana da iko ya sake fitowa wani karo ya taka wuraren da ya hau. In kuwa ya san ba zai iya ba, ya zauna ya yi hadaya. Har ya kawo ra'ayin Aɗa'u cewa ba sai ya koma ba, hadayar ta wadatar. Ku dubi wannan da kyau. Wannan fa wanda abin ya zama masa wajibi ke nan, kuma zuwa Ɗakin Allah, amma malaman da suka rubuta hukuncin sun san ƙafa tana gazawa, sun yi wa gazawar wuri tun kafin ta zo. Balle kai da ba ka yi bakance ba, ba kuma Makka za ka ba. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu saboda ya yi bakancen tafiya a ƙasa, sai ya nuna cewa Allah ba ya bukatar wannan azabtar da kai, ya umarce shi ya hau.

Na lura da wani abu a rayuwa: wanda ya yarda tun daga gida cewa yana iya hawa mota, shi ya fi ƙarasawa da ƙafa. Tsoron kunya nauyi ne, ya fi jarkar ruwa. In ka sauke shi sai ka iya sauraron jikinka, ka huta lokacin hutu, ka ce wa abokai ku yi gaba zan same ku, ba tare da zuciyarka ta buga ba. Tafiya sannu sannu kwana nesa, tsofaffi ba a kan kujera suka ƙago maganar ba.

Wanda kuma aka mayar da shi daga hanya yana ganin kamar shi aka fara yi wa, ya tuna Hudaibiyya. Shekara ta 6 bayan hijira, mutum wajen 1,400 suka fito daga Madina da harami, da dabbobin hadaya, suka ratso tafiyar kwanaki har suka zo gab da Makka, aka ce su koma. Abin ya yi wa sahabbai ciwo, har Sayyadina Umar ya kasa haɗiyewa sai da ya yi magana. A nan suka yanka, suka yi aski, suka juya. Da shekara ta zagayo suka sake ɗaura harami suka bi hanyar nan dai, suka shiga suka yi kwana uku. Abin da nake so ku riƙe shi ne shekarar da ke tsakani. Ba su yi ta suna cizon yatsa ba. Sun yi ta aiki, mutane suka yi ta shiga addini, har aka fahimci komawar nan buɗi ce. Kai shekararka ta tsakani me ka yi da ita? In bara ka dawo ka ci gaba da makara sallar asuba, kana ɗaga wa uwarka murya, to tafiyar ba ta bi ka gida ba, kuma ƙarin kilomita 230 ba lalle ya canza wannan ba.

Maganar uwa ta kawo ni inda muka fi daɗewa da shi. Uwarsa ba ta so. Bara ta yarda don ita ma ba ta sani ba. Bana ta san yadda ƙafar ta dawo. Ya ce in je in lallashe ta, na ce a'a, kai za ka je, kuma in ta ƙi ka zauna. Na tuna masa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da Malam Jibrilu zai tashi zuwa hajji, wanda ba shi ne na farkonsa ba, Shehu ya so bin sa, malamin ya mayar da shi gida don bai nemi izinin mahaifinsa ba. Shehu ya koma. Har ya bar duniya bai je Makka ba, kuma ban ji wanda ya ce wannan ya rage shi ba. Shirin zuciya ya haɗa da zuciyar waɗanda za ka bari a gida. Kowane dare da za ka kwana a wani masallaci a bakin hanya, akwai mai kwana zaune saboda kai.

Kuma tsoronta ba na banza ba ne. Mu a nan ba labari aka ba mu ba. A watan Yulin 2021 aka kwashe ɗalibai sama da ɗari daga makarantar Bethel Baptist, nan kan hanyarmu ta Kaciya. Muna da maƙwabta da suka shigo Mararaba da ƙafa cikin dare, da yara a kafaɗa, daga ƙauyukan Cikun da Kajuru, ba don ziyara ba. In kun gan su ku rage alfahari da tattakinku. Hanyar kakana ma yau ba ta biyuwa: tun Afrilun 2023 Sudan ke cikin yaƙi, Janaina da Fashir da ya kwana a cikinsu sun sha wuta. Can Makka, a hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, akasarinsu waɗanda ba su da izini ne, suka yi ta doguwar tafiya cikin rana ba inuwa. Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Kada ku taka bayan magariba, kada ku yanke ta daji don rage nisa, ku riƙe katin shaida, don jami'in da ya ga samari shida da jakunkuna a bakin titi dole ya yi tambaya, kuma ku amsa masa da ladabi. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. In labari ya zo cewa hanya ta ɓaci, fasawa ma ibada ce, kuma wannan ma sai an shirya wa zuciya shi, don matashi ya fi jin zafin fasawa a kan bororo.

Sauran shiri kowa ya sani, ba sai na ja ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takalmin da za ka tafi da shi ka fara sa shi tun yanzu, bara sabo fil yaron ya saya ana gobe tashi, shi ya kashe shi. Ka rage kaya, rabin abin da ka ɗauka bara ba ka taɓa shi ba. Ka biya bashin mai shago, ka nemi gafarar wanda kuke gaba. Abu ɗaya kawai zan ƙara, shi ma na zuciya ne ko da ya yi kama da na jiki: ka riƙa fita kana takawa kai kaɗai, ba waya a kunne, awa uku, awa huɗu. A doguwar hanya hira tana ƙarewa tun rana ta biyu, a bar ka da kanka. Mutane da yawa ba su taɓa zama da kansu na awa ɗaya ba, sai a kan hanya suke haɗuwa, kuma ba kullum ake jituwa ba. A nan tsofaffin maganganu ke tasowa, wanda ya ci maka mutunci shekara biyar da ta wuce, jarrabawar da ka faɗi, yarinyar da aka hana ka. Gara ka fara jin muryoyin nan tsakanin Sabon Tasha da Kawo, inda in sun fi ƙarfinka za ka tsayar da keke ka koma gida.

Kakana ya dawo da abu uku: tasbaha, da ɗan tulun zamzam da aka yi shekaru ana ɗiga wa marasa lafiya, da gorar da ya fita da ita daga gida. Gorar ta tsage a wuya an ɗinke ta da zaren fata, cikinta ya yi baƙi, igiyarta ta sha maiƙon hannu har tana ƙyalli. A ƙusa take rataye bayan ƙofar ɗakinsa, ba a sama cikin kayan tarihi ba, daidai inda hannu zai kai in mutum zai fita. Na taɓa tambayar sa me ya sa ba ya ajiye ta a akwati. Ya ce a Jazira ma nan take, shekara shida, kullum in zai fita gona sai ta buge shi a kafaɗa. Ya ce da ya sa ta a akwati da shi ma ya dasa lemo.

Yaron ya tashi bayan isha'i bai ce mini ya fasa ba, bai kuma ce yana nan kan bakansa ba. Shekaranjiya na hango shi zaune a ƙofar madafa yana taya uwarsa gyaran wake, suna magana ƙasa-ƙasa, ban matsa ba. Na dai ba matata dubu goma na ce in an yarda masa ta ɗinke su cikin ƙugun wandonsa, kuɗin mota ne, kuma ta gaya masa ba na so a dawo mini da su don a burge ni. Ranar Asabar bayan asuba zai biyo mini da tsohon takalminsa. Zan raka shi har gadar Sabo in gwiwa ta bari, daga nan ya wuce Kawo shi kaɗai, wayarsa a wurina.